Rabin fuloti da ruwa uku: yadda muka gina wa Kawu gida

Filin ƙafa 50 ne a kan 50, wato rabin fuloti, a wani layi da gini bai gama cikewa ba a Rigachikun, kusa da garin Kaduna. Kawuna ya saye shi tun yana koyarwa, ya zagaye shi da bulo layi uku don kada a ci masa iyaka, ya bar wa ciyawa. Da ya yi ritaya kuɗin sallama suka fito, sai ya aiko a kira ni. Ni ne ɗan ƙanwarsa da ya karanta zanen gini a Poli ta Kaduna, saboda haka aikin nawa ne ko ina so ko ba na so, kuma ba a maganar kuɗin zane tsakanin kawu da ɗa.

Kawu mai zane ne. Ya yi karatu a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shekara da shekaru yana koyarwa a sakandare, amma hannunsa bai taɓa rabuwa da buroshi ba. Yana zana hawan salla, da cin kasuwa, da Fulani da shanunsu, da fentin mai a kan ƙyalle. Yana kuma yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo, yana rubuta ayoyin da ake sa wa firem a rataye a falo. Na biyun nan ke ciyar da gida, na farkon kuwa shi ke hana shi barci. Duk a gidan haya yake yin su a Tudun Wada, ciki da falo, falon ya zama shago ya zama sito, Hajiya matarsa sai ta tsallake gwangwanaye kafin ta kai bakin ƙofa.

Abin da ya nema ba shi da yawa. Ya ce, "Injiniya, ciki biyu da falo, sai ɗan shago ta waje. Irin na kowa dai."

Na ce masa kafin in ja layi ko ɗaya zan riƙa zuwa ina wuni a wurinsa in ga yadda yake aiki. Ya yi dariya ya ce, "Gida za ka zana ko ni?" Amma ya bar ni.

Ranarsa a tsare take, ba ta sauyawa. In ya dawo daga sallar Asuba ba ya komawa barci. Yakan shimfiɗa buzu, ya jawo kurtun tawada da alƙaluman gamba, ya yi rubutu da zayyana a zaune, allo a kan gwiwa. A wannan lokaci ba ya son magana, ko rediyo ba ya kunnawa. Wajen ƙarfe takwas ya sha koko, sai ya sa wata tsohuwar jamfa da fenti ya gama rinewa, ya miƙe gaban ƙyalle har a kira Azahar. Bayan salla da abinci ya ɗan kishingiɗa. Daga La'asar zuwa Magariba lokacin jama'a ne, masu karɓar aiki, da tsofaffin ɗalibai, da yaransa biyu masu koyon sana'a da ke haɗa firem suna buga ƙusa. Da dare ba ya taɓa fenti. Ya ce ƙwan lantarki maƙaryaci ne, shuɗin da ka haɗa a ƙarƙashinsa da safe za ka tarar ya zama wani abu dabam.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ja da bayansa. Kawu ba ya minti biyar a gaban zane bai ja baya ba. Zai ɗiga fenti nan da can, sai ya yi baya-baya ba tare da ya waiga ba, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya dawo. A falon Tudun Wada taku kaɗan zai yi ya ci karo da kujera, sai ya tsaya nan yana banƙare baya don ya ƙara nisa. Wata safiya na fitar da wani zanen dawaki mai faɗin ƙafa 6 tsakar gida, na jingina shi da bango, na ce ya ja baya har inda idonsa ya gamsu. Inda ya tsaya na ja tef, ƙafa 15. Na ƙara wurin katakon da yake ɗora zane a kai da hanyar wucewa ta bayansa, tsawon ɗakin aiki ya fito ƙafa 20, faɗi 14. Duk sauran gidan daga abin da ya rage aka yanka shi.

A nan rigima ta tashi, kuma ba da Kawu ba.

Hajiya ta dubi takardar ta juya ta, ta ce, "Wato gwangwanaye ne za su samu babban ɗaki, ni da baƙina mu matsu a wannan ɗan akurkin?" Na yi ta bayani da ƙafa da inci, ta ce ita ba ta ga komai a takarda ba sai layuka. Sai na ɗauke su zuwa filin. Muka sa aka share ciyawa, muka kafa turaku muka ja igiya, na bi da toka na fitar da kowane ɗaki a ƙasa daidai girmansa. Ta cire takalmi ɗaya ta ajiye inda ta ce nan gadonta zai zauna, ta shiga kicin ɗin toka ta tsuguna kamar mai hura wuta, ta miƙe ta miƙa hannu inda kantar kwanuka za ta kasance. Nan take ta ce a mayar da ƙofar kicin ta kalli tsakar gida, domin ita tuwo a kan gawayi take yi a waje, gas na shayi ne da ɗumame. Ta ce a ba ta ƙofar shiga tata ta gefe. Sannan ta kawo abin da ya fi komai tsada: yaran shago ba za su ratsa mata tsakar gida don zuwa bayi ba, a yi musu nasu ta waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ta samu waɗannan uku, da bakinta ta ce falon ƙafa 10 a kan 12 ya ishe ta, tunda baƙin maza can wurin Malam za su tsaya.

Tsarin da muka ƙare a kai tsohon tsarin gidan Bahaushe ne, zaure a gaba, iyali a ciki. Bambancin kawai shi ne zauren namu ya fi kowane ɗaki girma da tsayi, kuma a cikinsa ake neman abinci.

Mun yi sa'a filin arewa yake kallo, layi na gabansa. Mai zane hasken arewa yake so, domin ba ya yawo a kan ƙyalle kamar na gabas da na yamma. Kuma taga in tana kallon titi ba ka fargabar wata rana maƙwabci ya ta da bene ya tare ta. Sai dai littattafan da muka karanta, waɗanda akasari a Turai aka rubuta su, cewa suke tagar arewa ranar tsaka ba ta shigarta sam. Wannan a ƙasarsu ne. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da layin Ikwaita, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranar tsaka ta arewa take karkata. Karkatar ba ta da yawa, a watan Yuni ma ba ta wuce digiri 13 daga tsakiyar ka, don haka 'yar rumfar kankare mai fitowar ƙafa 2 a saman tagar ta isa ta tare ta. Abin da ke shammatar mutum shi ne safiya da yamma na waɗannan watanni, lokacin da rana ke fitowa gabas maso arewa ta faɗi yamma maso arewa, haskenta ya zo a kwance ta gefe. Shi ya sa muka fito da bango kaɗan ta kowane gefen tagar. A watan Disamba kuwa rana kudu take komawa, kusan digiri 34, sai ta sauka a tsakar gidan Hajiya daidai lokacin da ake neman hantsi da wurin shanya.

Tagar ta fara ne daga ƙafa 7 sama da ƙasa, tsayinta ƙafa 4, tsawonta 12, bangon kansa ya kai 13. Mai wucewa ba ya leƙo, Kawu kuma ya samu bangon ƙasanta na rataye aiki. Da hannun dama yake zane, don haka in ya fuskanci bangon gabas hasken ta hagunsa yake zuwa, inuwar hannunsa ba ta faɗa kan abin da yake yi. Ƙarfen tsaro dole ne a sa, amma inuwarsa za ta yi wa zane ratsi-ratsi, sai muka sa gilashi mai duhu-duhu wanda ke watsa haske, ƙarfen na bayansa. Bangon yamma ko huda ba mu yi masa ba. Can muka sa sito mai faɗin ƙafa 6, shi ke shan zafin ranar La'asar kafin ya iso ɗakin aiki.

Bayan bangon gabas ɗin muka yi wani ɗan ɗaki, ƙafa 9 a kan 10, wanda Kawu ke kira ɗakin tawada. Tun farko ya ce ayoyi ba za su zauna wuri ɗaya da tsummokaran fenti da takalman baƙi ba, kuma ba ya son ya ta da salla zanen mutane da dawaki na gabansa. Alƙiblar Kaduna gabas ce maso arewa, saboda haka a wannan ɗaki in ya fuskance ta bango ne fari a gabansa, zane-zanen duk suna bayansa da katanga a tsakani. Tagarsa ƙarama ce tana kallon gabas, tana ba shi hasken farko da yake bukata a aikin Asuba. Mun tsawaita mata bakin kwano, domin hadarin garin nan ta gabas ya fi tasowa, kuma bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Lissafin alƙiblar nan shi muka bi wajen dasa bayi biyun, kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Kawu da kansa ya zo da waya ya duba kafin a zuba kankare.

Iska da ƙura su suka fi ba ni wahala, don abin da ɗaya ke so ɗaya ba ya so. Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in ka bar taga irin mai falle-falle ɗin nan a buɗe, kafin yamma ƙura ta manne wa zanen, kuma ba ta gogewa. In ka toshe ko'ina, warin man tafentin da kananzir da ake wanke buroshi ya cika ɗaki, mutum ya wuni da ciwon kai. Sai muka raba aikin. Babbar taga ta haske ce kawai, a manne take ba ta buɗewa. Iska kuma muka yi mata nata ƙofofin, ƙanana, masu raga da murfin katako: uku a ƙasan bangon arewa kusa da daɓe, uku a can saman bangon kudu inda ya ɗara rufin ɗakunan iyali. Na ƙasan suna da dalili, tururin tafentin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa. Da hunturu yakan rufe na arewa da safe, ya buɗe su in iska ta kwanta, zanen da bai bushe ba kuma ya shiga wata kanta mai labulen yadi. Tsakanin ɗakin aiki da ɗakin kwana babu ƙofa kai tsaye, sai ka fita rumfa ka sha iska sannan ka shiga, don kada warin ya bi Hajiya har gado.

Damina kuma nata ciwon dabam ne. A watan Agusta laima kan sa bayan ƙyalle ya yi fumfuna in an jingina shi da bango ko an ajiye shi a ƙasa, ga gara da ba ta raina katako. Kantocin sito duk na ƙarfe ne, sun tashi taƙi ɗaya daga ƙasa, sun bar taƙi ɗaya daga bango, zane-zanen suna tsaye a jere ba a kwance ba. An zuba maganin gara a ramin harsashi kafin a cike.

Ruwa uku muka yi wa gidan, kowanne da hanyarsa. Na bayi da na wanka sun tafi sokawe kamar na kowa. Na fenti kuwa muka gina masa kwami a waje jikin ɗakin aiki, bututunsa ya faɗa wani ɗan akwatin kankare mai ciki biyu, inda laka ke kwantawa a kwashe ta lokaci-lokaci. Wasu launuka, musamman ja da rawaya masu kyau, akwai guba a cikinsu, kuma rabin layin nan rijiya suke sha. Kananzir ɗin wanke buroshi ma ba a zubar da shi, a kwalba ake barinsa ya kwanta a sake amfani da shi. Kusa da kwamin akwai bokitin ƙarfe mai murfi na tsummokara, don tsumman da ya sha man fenti in aka tara shi wuri ɗaya yakan yi zafi har ya kama da wuta shi kaɗai.

Na ukun shi ne ruwan wankin allo da alƙaluma. Mai aikin famfo ya dubi zanen ya ga wani siririn bututu ya fita daga ɗakin tawada ya nufi kusurwar fili shi kaɗai, ya ce, "Oga, wannan ai ɓarnar bututu ce. A haɗa shi da babban layi mana, duk ba ruwa ba ne?" Kawu na zaune kan bulo, bai ko ɗaga murya ba ya ce, "Ɗana, ruwan da ya wanke sunan Allah ba zai gamu da na bayi ba." Mutumin ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba, ban lura ba." Bututun a gindin wani lemun tsami yake ƙarewa, mun kewaye shi da bulo layi biyu don kada a taka.

Da son ran Kawu ne, da ƙasa za a yi ginin. Ya yi ta kawo mini zancen Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da ƙasa da azara, da bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, da har yau masana ke zuwa kallo. Ya kawo Demas Nwoko, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, wanda daga baya ya koma gini da kayan da ke ƙasarsa har aka karrama shi a Italiya a 2023. Ban musa masa ba, ginin ƙasa ya fi sanyi nesa ba kusa ba, kuma jar ƙasa ba abin nema ba ce a Kaduna. Sai dai maginin da ya iya shi sosai sai an ɗauko daga Zariya ko Kano, kuma gini ne mai son a riƙa bibiyarsa da yaɓe. Mutumin da ya ba sittin baya ba shi zan ɗora wa wannan hidima ba. Muka tsaya kan bulo, inci 9 ta waje, inci 6 ta ciki. Har yanzu dai ina ganin ɗakin tawada kam ƙasa ta fi dacewa da shi.

Takardu ba su da wani dogon labari. Na fili a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, aka daidaita su, izinin gini kuma hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ke bayarwa, kuma tazarar da suke so a bari tsakanin gini da titi ita ta zama farfajiyar da yaran shago ke buga firem.

Muna kai linta, a farkon 2024, siminti ya yi tashin gwauron zabo, buhu ya haura N10,000 a wurare da yawa. Aiki ya tsaya cak. Da aka dawo, magini ya kira ni gefe ya ce, "Yallaɓai, a rage layi uku na bulo a wannan dogon ɗakin, a samu na tayil. Wa ya taɓa ganin sabon gida ba tayil?" Na ce tayil ɗin ne za a bari. Yana ƙyalli yana mayar da haske cikin ido, ga santsi ga mutumin da ke tafiya da baya, kuma fenti zai ɗiga a kansa ko an ƙi ko an so. Daɓen siminti muka yi, aka goge shi sumul. Silin ɗin kwalliya ma muka soke, muka yi na katako mai sauƙi, amma muka bar sarari mai yawa tsakaninsa da kwano da hudojin fitar zafi. Bangon da yake aiki a kai ba mu yi masa farin fenti ba, ruwan toka mai haske Kawu ya haɗa da hannunsa, ya ce fari tas yana sa ido ya ga kowane launi ya yi duhu. Magini ya tafi yana ganin mun yi rowa, na kuma san ya faɗa wa wasu.

Janareta ba mu saya ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da take ci, kuma mutumin da ba ya zane da dare bukatarsa kaɗan ce. Ƙaramar sola ta isa fanka biyu da ƙwayaye da cajin waya. Ƙofar ɗakin aiki a Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, aka ƙera ta, tsayinta ƙafa 9. Mai walda ya maimaita awon sau biyu yana dubana, ya ce ko raƙumi za a shigar. A Tudun Wada an taɓa cire wani babban zane daga katakonsa aka naɗe shi kamar tabarma don ya ƙi fita ta ƙofa, fentin ya tsattsage, Kawu bai manta ba.

Sun tare bayan Babbar Salla. Abu biyu ne har yanzu ba a gama ba. Na farko sito, wanda Hajiya ta gano ya fi ko'ina bushewa a gidan, ta shigar da buhun masara da na gero ta ƙofar baya, Kawu na cewa za su jawo ɓera su ci masa ƙyalle, ita kuma tana cewa a nuna mata inda aka rubuta sunansa a ƙofar. Na ba da shawarar a sayi durom mai murfi, an ce za a duba. Na biyu bangon gaba, wanda da gangan muka bar shi ba shafe domin Kawu na son ya yi masa zanen tudu irin na gidajen Zariya, da dagi a saman ƙofa. Sai ruwa ya ɗauke za a fara. Hajiya ta rantse ba zai hau tsani ba, saboda haka an shirya shi zai fitar da zanen a takardun buhun siminti daidai girmansa, yaran su hau su manna su bi layi, shi kuma ya tsaya a tsallaken layi yana faɗa musu inda ya karkace.